Jami'ar Yaya Abdulkabir

SHAFI NA 19

Masu biyo ni ta waya kuna cewa Yaya Abdulkabir baƙin ciki yake yi wa ƙanwarsa, duk na ga saƙonninku. Har da baiwar Allahn da ta ce da yayanta ne da tuni ta daina gaishe shi. Ku karanta na yau tukuna, sannan ku yanke masa hukunci.

*

Kwana biyu kacal suka rage.

Ikilima ta shimfiɗa takardun guda biyu a kan tabarma a tsakar gida, ta ɗora wa kowacce ɗan dutse don kada iska ta kwashe. Ta hannun dama daga jami'ar nesa take, can gabas, tafiyar awa bakwai a mota, inda aka ba ta gurbin karatun jinya, abin da take buri tun tana aji uku a sakandaren Tofa. Ta hagu kuwa daga jami'ar cikin birni ce. Su ma sun ce in ta sauya ta dawo wajensu akwai gurbi, sai dai koyarwa za ta karanta.

Jibi Juma'a za a rufe. Ɗaya za ta karɓa, ɗayar ta tafi ke nan.

Mahaifinta, Malam Hashimu, yana zaune a kan buhun gyaɗa, ko ƙafarsa bai wanke ba tun dawowarsa daga gona.

"Sake karanto min," ya ce. "A hankali. Kina gudu kamar mai labarai a rediyo."

"Ta nesa, Baba, rajista dubu ɗari da sittin. Gado a hostel dubu arba'in. Kuɗin mota, zuwa kaɗai, dubu goma sha takwas. Sai farar riga da takalmi da kayan aiki, su ba a rubuta kuɗinsu ba."

"Ta birni fa?"

"Dubu casa'in. Shi ke nan abin da suka rubuta."

Inna Furera, da ke gefe tana tsintar wake a faifai, ta ɗago kai.

"To ai magana ta ƙare. Ki zauna gidan Goggonki Sakinatu a Kurna. Ba kuɗin ɗaki, ba kuɗin tuwo. Duk Juma'a ki zo mu gan ki."

"Inna, su tara ne fa a ɗaki biyu. Hutun da na je, a bakin ƙofa nake kwana, duk mai fita sai ya tsallake ni. A ina zan buɗe littafi? Kuma daga Kurna zuwa makarantar mota biyu ce, da dawowa huɗu, kullum. In aka tara na shekara sai ya ninka kuɗin hostel ɗin can."

"Ke dai nisan kike so."

"Jinyar nake so, Inna. Ban raina koyarwa ba. Amma ba don ita na yi ta hana idona barci ba."

Malam Hashimu ya daɗe yana kallon takardun, duk da ba boko ya yi ba. Can ya miƙa hannu ya ɗauke dutsen da ke kan ta dama.

"Ni a wajena ta nesan ita ce ta kusa," ya ce. "Yayanki Abdulkabir shekararsa huɗu ke nan a can. Ya san gari, ya san inda ake sayen abu da araha, ya san wanda za a gani a samu gado. Tukunya ɗaya za ku ɗora. Abin da nake aika masa, in na ɗan ƙara, ya ishe ku ku biyu. Baɗi ya fito injiniya, ya kama aiki, ya ɗauke min ke gaba ɗaya."

"Rajistar fa, Malam?" in ji Inna. "Gyaɗar nan ko rabi ba za ta kai ba."

"Jan sa zan kai kasuwa."

Faifan ya kusa suɓuce mata.

"Da wanne za ka yi huɗa? Sa ɗaya yana jan garma ne?"

"In damina ta zo na haɗa da na Sha'aban maƙwabci, yau nawa gobe nasa. Allah ba zai hana mu yadda za mu yi ba."

Ikilima ta sunkuyar da kai. Ya kamata ta yi murna, amma murnar ta ƙi zuwa. Shekara shida ke nan Baba yana kiwon san nan, shi yake fara ba wa ruwa kafin ya sha nasa.

Wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Yaya Abdulkabir. Ba ta yi tunani ba ta danna, ya fito kowa yana ji.

"Ikilima, na faɗa miki na sake faɗa miki. Kada ki kuskura ki karɓi ta nan. Ki zaɓi ta birni. Ba shawara nake ba ki ba, umarni ne. Kada ki sake kira na a kan maganar nan."



Sai Malam Hashimu ya yi dariya, ya kaɗa kai.

"Kishin 'yan maza ne. Ba ya son ƙanwarsa ta shiga cikin samarin makaranta. Gobe ki je kafe a shiga miki intanet ki karɓi ta nesan. Ni na ce."

Ikilima ba ta yi dariya ba. Wannan yayan ne fa ya koya mata lissafi da gawayi a jikin katangar gidan nan. Shi ya saya mata fom ɗin jarrabawa. Shi ya ce mata in ba ta zama nas ba bai yafe ba. Yau wata guda ke nan, tun ranar da sunanta ya fito a makarantarsu, ya koma mata kamar wani baƙo.

Ta tattare takardunta ta shige ɗaki, don kada Inna ta ga idonta.

*

Washegari da hantsi tana saka hijabi Inna ta shigo da ƙullin buhu.

"Ungo. Tiya uku ne. Tunda kafen Tofa ba wuta sai Dawanau za ki, ki shiga kasuwa ki sayar. Ki cire kuɗin kafe da na mota, ragowar ki tura wa yayanku."

Inna ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba.

"Inna, wannan ba waken da kika yi kala ba ne?"

"Shi ne. Sati biyu ina bin bayan masu girbi. An ce lokacin jarrabawarsu ya matso, kada ya shiga da yunwa."

"Bayan abin da ya faɗa min jiya?"

"Ke dai tura masa. Faɗanku daban, cikinsa daban."

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce lokacin da bas ta sauke ta a bakin titin Dawanau. Mai kafen ya ce yaransa sun tafi neman man janareto, ta dawo bayan awa ɗaya. Ta ɗauki ƙullinta ta nufi layin 'yan wake. Aka auna, aka taya, ta yi ciniki kamar yadda Inna ta koya mata, ta ƙulle kuɗin a bakin ɗankwali.

Wajen fitowa ne ta rikice. Manyan motoci sun toshe hanyar da ta biyo, ta zaga ta baya, ta sake zagawa, sai ga ta a wani layi da ba ta taɓa shiga ba. Manyan sito ne jere da juna, ko'ina ƙamshin riɗi, injin tankaɗe yana ta ruri. A ƙofar wani sito 'yan dako ne ke loda tirela, kowa da takunkumi a hanci saboda ƙaiƙayi, suna hawa katako da buhu a kafaɗa.

Ta matsa gefe don ta ba su hanya.

Sai idonta ya sauka a kan na ukunsu.

Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace, kamar ta wanda ya taɓa faɗowa daga amalanke yana yaro. Rigarsa koriya ce, ta koɗe, aljihunta an ɗinke shi da baƙin zare.



Ita ta ɗinke aljihun nan da hannunta ranar jajiberin babbar Sallah, saboda koren zare ya ƙare a gidan.

"A'a," ta ce a ranta. "Riga ai ba ɗaya ba ce a duniya."

Ta ciro waya, ta laluɓo lambar Yaya Abdulkabir, ta danna.

Ɗan dakon ya sauke buhunsa a cikin motar, ya sauko daga katakon. Ya tsaya. Ya sa hannu a aljihun wando ya ciro waya. Ya duba, ya katse. Ya sunkuya yana danne-danne.

Wayarta ta yi ƙara a tafin hannunta.

"Ina lakca. Zan kira ki anjima."

Ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta gabansa ba.

"Wace lakca ce wannan, Yaya?"

Ya ɗago.

Ba ta taɓa ganin idon mutum ya yi abin da nasa ya yi ba. Ya ja da baya har ya bugi tayar motar. Ya kalli hagu, ya kalli dama, kamar mai neman wanda ya rako ta.

"Ke da wa kika zo?"

"Ni kaɗai."

"Baba fa?"

"Na ce ni kaɗai ce. Cire abin nan in ga fuskarka."

"Ikilima, ba a nan ba. Don girman Allah ba a nan ba."

Ya yi wa shugaban 'yan dakon magana a kunne, ya wuce gaba, ta bi shi. Suka zaga bayan siton, gindin wata darbejiya inda aka jibge tsofaffin buhuna. A nan ya sauke takunkumin.

Ya rame. Ƙasusuwan kumatunsa sun fito, ƙaiƙayin riɗi ya yi masa fari a gira da gemu.

"Tun yaushe?" ta ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, tun yaushe?"

"Watan nan shekara biyu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta dafa bishiyar.

"Shekara biyu kana nan? Tsakaninka da gida kuɗin mota ɗari biyar? Da Sallah ka zo da jaka a kafaɗa, ka ce motarku ta lalace a hanya, Inna ta dafa maka ruwan zafi ta ce ka gasa jikinka saboda gajiyar tafiya!"

"Daga nan na taso. Na shiga gari tukuna, na hau motar da ta dace, don kada wani ya gan ni."

"Mutanen garinmu kullum suna kasuwar nan."

"Layin hatsi suke tsayawa. Ba mai shigowa nan. A cikin sito nake aiki, a ciki nake kwana. Yau ne kawai aka rasa masu lodi aka fito da mu."

"Korar ka aka yi?"

Ya zauna a kan buhunan, ya haɗa hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Tafin hannun duk kanta.

"Takardar da kike karanta wa Baba, ni ma irinta na karanta masa shekara huɗu da suka wuce. A kan tabarmar nan. Ba ƙarya a cikinta ko ɗaya. Amma ba ita ke nan ba, Ikilima."

"To mene ne sauran?"

"Gado dubu arba'in, ko? Ku nawa ne kuke nema? Ni ban samu ba. Muka kama ɗaki a waje mu huɗu, kuɗinsa ya ninka na hostel sau biyu. Ruwa saye muke, jarka jarka. Daga ɗakin zuwa aji sai an hau mota. Kowane darasi da takardun da za ka buga. Garin kwaki da ƙuli-ƙulin da Inna ta ƙulla min na wata uku, sati uku suka yi, don ba za ka ci abokan ɗakinka suna kallon ka ba."

Ya share ƙaiƙayin girarsa da bayan hannu.

"Akwai ranar da na shiga jarrabawa rabona da abinci tun safiyar jiya. Na san amsar, wallahi na sani. Amma ina kallon takarda rubutun yana rawa."

"Me ya hana ka faɗa wa Baba?"

"In ce masa me? Shekarar ce ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Shekarar ce aka sayar da tumakin Inna duka uku don a biya min rajista. In buga waya in ce a ƙaro? A ƙaro daga ina?"

Ikilima ta tuna shekarar. Ta tuna tuwon da ake yi sau ɗaya a rana, Inna tana cewa azumin nafila take yi.

"Ga 'yan ajinmu," ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. "Wani abin da zai kashe a cin rana ɗaya shi ne kuɗina na sati. Ba su wulaƙanta ni ba, kada in ɗauki alhakinsu. Wasu har saya min suke yi. Amma yau a saya maka, gobe a saya maka, jibi da kanka za ka fara ɓuya in lokacin cin abinci ya yi. Sai na samu wani mai Keke Napep yana ba ni in ja daga la'asar. Na fara samun na abinci. Na fara makara a aji. A shekara ta biyu, zangon farko na faɗi darasi huɗu. Na ce zan gyara. Na biyu na faɗi shida."

Ya ɗaga kafaɗa.

"Aka kafe sunaye a allo. Nawa yana cikin waɗanda aka sallama. Ba wanda ya zalunce ni. Ni na kasa."

Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin hijabi da ƙarfi, don ba ta shirya tausaya masa ba tukuna.

"Kuɗin da Baba yake aiko maka duk kaka fa? Na rajista, na ɗaki, na abinci. Shekara biyu. Suna ina?"

Ya kawar da kai.

"Ban ci ko sisi ba."

"Ban ce ka ci ba. Na ce suna ina?"

"Wake na saya na ajiye. Buhu shida. Na ce in ya yi tsada in sayar, in mayar wa Baba nasa, ribar in sake zana jarrabawa, in shiga ko ta birni ce, kafin kowa ya farga. Bana farashi ya karye. Buhu biyu kuma ƙwari suka shiga. Abin da zai fito bai kai rabin abin da na zuba ba."

Ikilima ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Ka san abin da Baba ya ce jiya? Ya ce ta nesan ita ce ta kusa, tunda kana can. Ya ce tukunya ɗaya za mu ɗora. Ya ce baɗi ka fito injiniya ka ɗauke masa ni."

"Ki bari."

"Jan sa zai sayar."

Abdulkabir ya miƙe zumbur.

"Wane Jan sa? Na huɗa?"

"Muna da wani ne?"

"Kada ki bari! Ikilima, kada ki bari ya sayar!"

"Ni zan hana? Da wane baki? Duk lissafinsa a kanka ya ɗora shi, kai kuma ga ka nan a bayan sito!"

Ta kwance bakin ɗankwalinta, ta ciro kuɗin, ta cire na kafe da na mota, ta miƙa masa ragowar.

"Ungo. Inna ta ce in tura maka. Waken da ta yi kala ne, sati biyu tana sunkuye a gonakin mutane. Ta ce kada ka shiga jarrabawa da yunwa."

Ya kalli kuɗin kamar wuta aka miƙo masa. Ya mayar da hannuwansa baya.

"Ba zan karɓa ba."

"Da ta waya na turo ai da ka karɓa."

Maganar ta same shi. Ya koma ya zauna, ya kifa fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa suka fara girgiza. Tunda take ba ta taɓa ganin kukan yayanta ba, ko ranar da ya karye a kafaɗa.

Injin tankaɗe yana ta ruri a bayan katanga.

Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Ki saurare ni. Ba don asirina kaɗai na hana ki ba. Eh, na ji tsoron ki je ki tarar ba na nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko da ba haka, ba zan so ki je ba. Kuɗin da kika karanta wa Baba, ki ninka shi biyu, shi ne shekarar farko. Naku ma ya fi namu, ga zuwa asibiti koyon aiki, ga kaya. Bana a sayar da Jan sa. Baɗi a sayar da me? Shekara biyar ce fa. Ni namiji ne, na ja keke, na yi dako. Ke ranar da garinki ya ƙare a garin da ba ki san kowa ba, me za ki ja?"

"Ni ba kai ba ce."

Tana faɗa ta yi da-na-sani. Ya runtse ido, ya gyaɗa kai a hankali.

"Haka ne. Kin fi ni ƙwaƙwalwa. Ni ma ai na ɗaya nake yi a Tofa."



A ranta ta sake shimfiɗa takardun nan biyu. Ta cire Yaya daga ta dama, ta duba abin da ya rage. Ba tukunya ɗaya. Ba wanda ya san gari. Ba mai kama aiki baɗi. Ita kaɗai, da jaka, da farar rigar da ba a san kuɗinta ba, da Baba yana bin Sha'aban yana roƙon aron sa. Ta juya ta hagu. Bakin ƙofar Goggo Sakinatu, mota huɗu kullum, da karatun da ba shi ta roƙi Allah ba.

Duk wadda ta kalla ba ta ganin mafita.

"Ki karɓi ta birni," ya ce, kamar ya ji abin da take saƙawa. "Ki ce wa Baba ke kika sauya ra'ayi. Kuɗin motarki na kullum ni zan riƙa ba ki daga dakon nan, ko zan kwana da yunwa. In kin yi shekara ɗaya kika ci da kyau, a nemi sauyin kwas, ana dacewa. Ni kuma ki rufa min asiri zuwa ƙarshen kakar riɗi. In na haɗa kuɗinsa, da ƙafata zan je in durƙusa in faɗa masa."

"Wato in bar jinya."

"Na ɗan lokaci."

"In bar jinya, in ce ni na fasa, Baba ya ce na raina ƙoƙarinsa. In zauna ina kallon Inna tana ɗaga hannu tana roƙa maka sa'ar jarrabawar da ba ka rubutawa. In ce amin. Haka kake so?"

"Wata uku kawai."

"Shekara biyu ma ai da wata uku ta fara, Yaya."



Daga masallacin kasuwa aka fara kiran sallar azahar. Ta duba wayarta. Awa ɗayar mai kafe ta wuce tuni.

"Zan tafi," ta ce.

"Wacce za ki danna?"

"Ban sani ba."

"Za ki faɗa musu?"

"Na ce ban sani ba!"

Ta juya ke nan wayarsa ta ɗauki ƙara. Ya ciro ya duba. Ta ga yadda fuskarsa ta sauya, ta dawo ta leƙa.

BABA.

Suka kalli juna. Malam Hashimu ba ya kiran kowa da rana. Sai bayan magariba yake sa kati na ɗari, ya yi magana a gurguje.

"Ƙila ni yake nema," ta ce. "Ɗauka. Ka buɗe muryar in ji."

Abdulkabir ya matsa can jikin katanga, nesa da ƙarar injin. Ya share fuska, ya gyara murya, ya ɗauka.

"Salamu alaikum, Baba. Ina wuni?"

"Wa alaikumus salam! Abdulkabir!" Muryar Baba ta fito tar, cike da fara'a, ana jin hayaniyar motoci a bayansa. "Kun fito daga aji?"

"E... eh, Baba. Yanzu muka fito."

"Alhamdu lillahi, na zo a daidai. Ka san inda nake?"

Ikilima ta kalli yayanta. Sai yanzu ta tuna ba ta ga Baba ba da safe. Ta ɗauka sammakon gona ya yi.

"Jiya bayan isha na ji Alhaji Sama'ilu mai mota zai kai gero garinku. Na ce wallahi ba zan aika 'yata inda ban gani da idona ba. Ana idar da asuba muka taso. Kai, ashe haka kake shan tafiya, ɗan nan? Duk bayana ya riƙe."

Abdulkabir ya jingina da katangar.

"Ga ni a babbar ƙofar makarantarku. Masu gadi sun ce in kira ka ka zo ka shiga da ni. Ina so ka nuna min ajinku, ka nuna min inda 'yan mata suke kwana, in gaisa da malamanka in yi musu godiya. Ga ɗan gero ma na riƙo maka. Yi maza ka fito, rana tana duka na."

Ikilima ta toshe bakinta da hannu.

"Abdulkabir?"

Ya kalli ƙanwarsa. Leɓɓansa suna motsi, ba abin da ke fita.

"Abdulkabir, kana ji na kuwa? Ta wace ƙofa za ka ɓullo?"